Turbar Mai Ciki

Tun kafin a gina ganuwar da kufanta ke kan Dutsen Gurzau, tun ana narka tama a gindin tsauni, kakanninmu a fadama suke zaune. Haka Baba ya gaya mini, Allah ya jiƙansa, kuma yadda ya faɗa haka zan rubuta. Ni ban san shekarun ba, shi ma bai ce ya sani ba.

Fadamar tana da albarka. Dawa takan fi mutum tsawo, kifi kuwa har yara na kamawa da hannu. Amma da ruwa ya sauka sai sauro ya taso kamar hayaƙi, masassara ta riƙa bi gida gida tana zaɓen jarirai. Ɗan da aka haifa da damina da wuya ya ga girbi.

A cikin mutanen nan akwai wani maharbi, sunansa Tunau. Ba a taɓa yin irinsa ba a wannan yanki. In ya shiga kurmi tsuntsaye kan yi shiru, in ya fito makaɗa su tare shi da kirari:

"Tunau jikan Tsahara, baƙin hadarin gabas! Mai kwana inda zaki ya tashi! Ƙafarka ba ta tambayar hanya!"

Duk wannan suna bai hana shi haƙa ƙananan kaburbura biyu a bayan gidansa ba. Da matarsa Hakama ta sake samun ciki, aka lissafa aka ga tsakiyar damina za ta haihu, sai ya daina cin abincin kirki.

Shi kaɗai ya taɓa hawa Dutsen Gurzau. A can sama ya ga fili shimfiɗe, iska mai sanyi, ba sauro ko ɗaya, ga ciyawa shar a tsakiyar rani, alamar ruwa na kusa. Sai ya dafa kwarinsa na kibau a gaban dangi ya yi rantsuwa.

"Wannan cikin ba a fadama za a haife shi ba."

Bai ɗauka abin zai yi wuya ba. Ya bi inda ya saba bi, wato sawun gwaggon biri, ya sassare rassa, ya dawo ya ce an gama. Ya kai Hakama gindin wani falalen dutse da saiwoyi suka rataya a jikinsa. Ta duba sama, ta duba cikinta.

"Maigida, ina hanyar?"

"Ga ta nan a gabanki."

"Wannan ai bango ne."

Ya koma ya bi sawun gada. Wannan ta ratsa sarƙaƙiya, ta ɓulla bakin wani rami da sai an yi tsalle. Shi ya tsallake ya dawo, ya sake tsallakewa don ta ga ba komai. Ita dai ta zauna a kan saiwa tana cire ƙaya daga ƙafa. Samari suka ce a haɗa gadon kara a ɗauke ta a kai. Ta ce ba za ta kwanta a kan abin da ake kai gawa ba, da rai biyu a jikinta. Ko da ta yarda ma, hawan ya fi ƙarfin masu ɗauka.

Haka bazara ta yi ta tafiya. Kullum ya fita, kullum ya dawo da hanyar da shi kaɗai ke iya binta. Ya kai wa dutse sara har gatarinsa ya karye. Ya ƙona turaren maharba, ya zuba tsimi, dutsen bai motsa ba. An ce wata rana don takaici ya tsaya tsakiyar kurmi ya yi wa kansa kirari da ƙarfi, sai tsaunin ya mayar masa da ƙarshen kawai: "Tambayar hanya, tambayar hanya." Gabas kuwa ta fara duhu, kwaɗi suka fara gwada murya.

Kakarsa Tsahara, wadda ta rene shi, tana nan da ranta, ta tsufa har ta ranƙwafa. Ta same shi zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar gatari, fuska a murtuke.

"Angona, wa ya taɓa mini kai? Ko dutsen ne ya sake korar ka?"

"Iya, ba na son wasa yau."

"Ni ma ba wasa na zo ba. Sawun wa kake bi?"

"Na biri. Na gada. Har na rema na bi."

"To matarka biri ce? Kai duk abin da ya fi ka gudu shi kake bi, don haka aka koya maka. Je ka nemi wadda ta yi nauyi irin na Hakama, ka ga ta ina take hawa."



Washegari da sassafe ya ga wata bauna mai farin goshi ta ware daga garke, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Hannunsa ya kai ga kibiya tun kafin ya yi tunani. Da ƙyar ya mayar. Ya bi ta a baya.

Baba ya ce a duk farautar da Tunau ya yi, babu wadda ta wahalar da shi kamar wannan. Kan dutse yana yamma, bauna ta nufi gabas. Ta yi ta kewaya kamar ba ta san inda za ta ba. In ta ga inuwar maɗaci sai ta tsaya, in ta ga ta kanya sai ta kwanta tana tuƙa. Shi kuwa yana laɓe yana cizon yatsa, ga saman dutse yana gani, wurin da zai kai kafin gumi ya karyo masa. Har ya tashi zai koma gida, sai ta waiwayo ta dube shi. Wasu sun ce magana ta yi. Baba ya ce ba ta yi ba, kallon ne kawai, irin wanda uwa ke yi wa yaro mai gaggawa. Ya koma ya zauna. Don kada hannunsa ya sake kaiwa ga kibiya, sai ya riƙa tara duwatsu duk inda ta huta.

Ba ta yi tsalle ko sau ɗaya ba, ba ta taka inda tsohuwa ba za ta taka ba. Da ta kai sama ta je tsakanin wasu duwatsu biyu ta kafta ƙasa da kofato, ruwa ya ɓullo fari tas. Nan ta sha, nan ta haihu. Sawun kofaton yana jikin dutsen har yau, na sa hannuna a ciki.

Ranar da ruwan farko ya sauka aka ɗaure kaya. Ba kowa ya yarda ba, wasu sun ce ba za su bar gonakin dawa su bi sawun dabba ba. Waɗanda suka yarda suka kama hanya, Tunau a gaba. Sai ya yi nisa ya waiwayo ya ga ba kowa, ya dawo yana faɗa.

"Ku ɗaga ƙafa mana! Ba ku ga hadari ba?"

Hakama ta so ta cim masa, ta yi sauri, numfashinta ya sarƙe, ta durƙusa riƙe da mara. Nan Tsahara ta buga sandarta a ƙasa.

"Kai baƙin hadarin gabas, koma baya. Can baya, bayan awaki. Ɗauki turmin nan. Ke kuma Hakama wuce gaba. Wanda ya wuce ta, ban yafe ba."

Haka aka yi. Maharbin da ƙafarsa ba ta tambayar hanya ya tafi a ƙarshen ayari da turmi a ka, yana haɗiyar magana. Duk tarin duwatsun da aka iso, Hakama ta zauna, kowa ya zauna. Tafiyar ta ci kwanaki. A hutun ƙarshe, inda kurmi ke buɗewa, suka juya suka ga fadamarsu a ƙasa ta zama ruwa ɗaya, tana ƙyalli kamar tasa, hayaƙin sauro na yawo a kanta. 

A bakin marmaron nan Hakama ta haifi 'ya mace a tsakiyar damina. Aka sa mata Yalwa. Ta ga girbi, ta ga na bayansa, ta rayu har haƙoranta suka zube, kuma yawancinmu jininta ne. Waɗanda suka ƙi tasowa suka biyo baya da kaɗan kaɗan. Tunau bai sake ɗaga baka a kan bauna ba, har yau ba ma cin namanta. An so a kira hanyar da sunansa, ya ce ba shi ya yi ta ba. Shi ya sa ake ce mata Turbar Mai Ciki.

Dokar Tsahara kuwa ba ta mutu ba. A wannan turba mai rauni ne ke gaba, kuma ba a wuce shi. Yanzu baƙi kan zo daga birni da manyan takalma da jakunkuna, su ga kufan ganuwa da ramukan tama, su ɗauki hoto a hutun ƙarshe. In suka tarar da tsohuwa a gaba sai ka ji suna tsaki, suna neman ta gefe. Mukan ce su yi haƙuri, nan ba a yin haka.

Bazarar da ta wuce, da muka dawo da Baba daga asibiti, shi ne a gaba. Ranar kasuwa ce, mutane cike a bayanmu da kaya a ka, da jakuna, ba wanda ya wuce shi, ba wanda ya yi tsaki. Duk tarin duwatsu sai ya zauna ya huta, ya ba ni guntun labarin nan, ya ajiye sauran sai hutu na gaba. A na ƙarshe ya gama, ya daɗe yana kallon fadama. Bai ga girbi ba.

Turbar tana nan, duwatsun suna nan, marmaron bai ƙafe ba. In na taso daga kasuwa ni kaɗai, babu kowa a gabana, ina iya kaiwa gida kafin rana ta karkata. Amma duk tarin da na iso sai in ga ƙafata ta tsaya. Nakan jira Baba ya huta tukuna, sannan in wuce.