Sajan Nemesio da Farar Tuta

A garin Tacoloma, cikin kwarin Cochabamba, an yi wani ɗan sanda mai suna Sajan Nemesio Arnez. Ba ɓarawo ba ne, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Ciwonsa gaggawa da son a ce shi ne. In ya shuka masara da safe, so yake ya gasa da yamma.

Wata shekara ofishinsu ya samu tallafin kuɗi daga birni domin a rage faɗan mashaya, don ranar kasuwa ba ta wucewa sai an fasa wa wani baki. Aka ce masu tallafin za su zo bayan girbi. In sun gamsu su ƙara, shi kuma a ƙara masa igiya. Nemesio ya sayi babur da lasifika, ya zauna tunanin abin da zai nuna wa baƙi. Faɗan da aka hana ba ya fitowa a hoto. Fasasshiyar tukunya kuwa tana fitowa.

Duk gidan da chicha, giyar masara, ta nuna, farar tuta ake ɗaurawa a gora a ƙofa. Gora mafi tsawo ta Doña Casilda Zurita ce, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da tukwane. Ita ce ta riƙe Nemesio a coci ranar baftismarsa, shi ya sa yake ce mata madrina. Gidanta yana da doka: duk wanda ya shigo daga gona sai ya miƙa addarsa, ta jefa ƙarƙashin gado. Wanda ya bugu ba ya sake ganinta sai washegari, kuma matarsa ake ba. Sauran mata masu sayar da chicha ma haka suke yi. Ana naushi, amma ba a taɓa sara ba.

Wata rana Nemesio ya tsaya a ƙofarta da yaransa 'yan sanda.

"Madrina, sauke tutar nan," in ji shi ta lasifika, alhali tana tsaye a gabansa.

"Cire gwangwanin nan daga bakinka. Ni na share maka majina, kuma ban kurumce ba."

"Doka ce. Daga yau ba chicha a garin nan."

"Waɗanda suka ba ka babur cewa suka yi ka rage faɗa, ko ka rage ni? Zauna in zuba maka miyar gyaɗa mu yi ciniki. Ni in rufe kafin rana ta faɗi, in sa sauran matan su rufe. Kai kuma ka kori masu sayar da barasar rake a bakin kogi."

"Hukuma ba ta ciniki da masu tukunya."

"To ka sani, ƙishirwar mazan nan ba a tukunyata take ba, a maƙogwaronsu take. In ka rufe ni, wa zai karɓi addunansu?"

Nemesio ya nufi gorar. Da hannunsa na dama ya fizge tutar, ya sa aka fasa tukwane, aka ɗauki hoto. Doña Casilda ba ta yi kuka ba. Ta warce tutar daga hannunsa, ta cusa a ƙirjin rigarta.

"Wannan daga rigar angwancin mijina na yanko ta. In kana so, zo ka ciro."

Yaransa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya hau babur ya nufi gida na gaba. Kafin mako ya fita babu tuta ko ɗaya a Tacoloma, Nemesio kuwa har tafiyarsa ta canza.

Maza ba su daina sha ba. Sun koma bakin kogi, inda ake tsiyaya barasar rake daga gwangwani, mai ƙuna kamar wuta, kowa da addarsa a ƙugu. Wata ranar kasuwa da yamma, wa da ƙani suka yi musu a kan wanda ruwan ban gona ya zagayo kansa. Adduna suka fito. Nemesio ya iso a guje, ya shiga tsakaninsu yana ihu ta lasifika. Saran da aka nufi ƙani da shi ya sauka a damtsensa na dama.

Gidan da ya fi kusa na Doña Casilda ne. Nan aka shimfiɗe shi, jini yana kwarara. Ta ciro tutar daga ƙirjinta, ta ɗaure damtsen, ta ja da haƙora.

"Madrina, mutuwa zan yi?"

"Ba a tsakar gidana ba, yanzu na share. Kuma tukwanena za ka maida mini, manya, ba na ragi."

Ya rayu, amma hannun ya shanye. Masu tallafi suka zo, suka kalli hotunan tukwane, suka kalli hannunsa, suka tafi da baburinsu. Igiyar da yake jira wani aka ɗaura wa.

Doña Casilda ta wanke tutar har ta gaji, tabon bai fita ba. Haka ta mayar da ita kan gora. Da sabon sajan ya zo wucewa, ya ɗaga kai ya ce, "Doña, ai fara ake sawa."

"A da fara ce. Tambayi wanda ka gada. In shigowa za ka yi mu yi magana, miƙo kulkin nan."

Ya dubi tutar, ya kwance kulkinsa ya miƙa mata.

Darasin a fili yake. Giya ba abin yabo ba ce, kuma ba wanda ya ce a bar mashaya su kashe juna. Amma duk wanda aka danƙa wa kuɗi don ya gyara gari, kada ya fara da abin da zai nuna wa baƙi. Ya fara da zama da waɗanda ke riƙe da garin tun kafin ya zo, ko da masu tukunya ne. Wanda ya raina su don gaggawar a yabe shi, wata rana a tsakar gidansu za a shimfiɗe shi.