Shafin da Bai San Hajiya Ta Je Makka Ba

Akwai wani saurayi a unguwar Maamobi, Saddique, mai tsara shafukan intanet. Gwani ne, amma girman kansa ya kusa kamo nawa, ni kuwa ina da dalili.

Mma Mulikatu mai sayar da atamfa a kasuwar Nima ta ba shi aikin gina wa shagonta shafukan intanet. Kowane shafi sai ya zana shi daban, ya sake rubuta sunanta a sama da hannu.

Abokiyar aikinsa Hamdia ta leƙo ta ce, "Chale, abokina, gina kan shafin sau ɗaya mana, sauran su riƙa ɗauka daga can."

Ya ce, "Ni mai zane ne, ba mai buga bulo ba."

Sai Mma ta sauke farali. Tana dawowa ta ce duk inda sunanta yake a sa Hajiya. Saddique ya bi shafuka ɗaya-ɗaya yana gyarawa, ya tsallake na mayafai bai sani ba.

Ranar walima ƙawarta Luba ta ɗaga waya a gaban mata, tana nuna shafin mayafan: "Ashe a wajen mayafai ba ki je Makka ba tukuna?"

Dariya har titi.

Hajiya ta kira shi. "Ɗana, jirgi na hau, ba motar trotro ba. In na sake ganin sunana tsirara, aikin ya bar hannunka, kuma duk Nima za ta ji dalili."

Saddique bai tsaya faci ba. Ya haɗiye girman kai, ya nemo Hamdia, suka warware aikin gaba ɗaya. Kan shafi guda, katin kaya guda, maɓallin oda guda, kowane shafi na ɗauka daga gare su. Sunan Hajiya kuwa wuri ɗaya tak ya zauna. Shayinsa ya huce, bayansa ya ƙage, bai tashi ba sai da ya gama.

Bayan Sallah matan unguwa suka naɗa Hajiya Magajiyarsu. Ta kira Saddique a tsorace: "Wannan karon sai yaushe za a gyara sunan?"

"Magajiya, duba wayarki."

Ta duba. "Har mayafai?"

"Har mayafai."

"To, kashe. Luba zan kira."

Darasi: Abin da za ka maimaita, gina shi sau ɗaya da kyau, kuma kada girman kai ya toshe maka kunne. Na san halinku: ku karanta, ku yi dariya, ku wuce ba ko sannu. Yau dai ku tura wa wani, yatsuna sun gaji.