Sabulun Tukunyar Ƙarshe

Waɗanda suka riga mu jin labari sun ce a wani gari an yi wani mai masana'antar sabulu, sunansa Alhaji Haladu. Gado ya yi, ba shi ya kafa ba. Tare da tukwane da ma'aikata, ya gaji wata tsohuwar macen kunkuru da ke zaune a gindin darbejiyar farfajiya. Ta ga rarrafensa, don haka yake ce mata Kaka, ita kuwa ta ce masa angona, irin tsokanar kaka da jika.

Gidan yana da al'ada tun zamanin mahaifinsa. Kullum da safe, idan sabulun jiya ya daskare, sai a yanko sanda guda daga zubin tukunyar farko, a kawo wa maigida a faranti tare da buta. Ya wanke hannu, ya shinshina, ya ce madalla, sannan a ɗora kaya a mota.

Ana nan sai 'yan kasuwa suka fara dawo da kaya, wai mata na kukan sabulun yana cin hannu. Wani ya raɗa wa Alhaji cewa Baba Barau, shugaban masu dahuwa, yana rage mai yana sayarwa. Bai bincika ba, ya sallami tsohon a gaban jama'a. Barau ya koma ƙauyensu da sunan ɓarawo, bai kai kaka ba ya rasu. Ɗansa Ilu ya hau gurbinsa, kaya kuwa ba su daina dawowa ba.

Alhaji yana da 'ya, Hansatu, wadda ta karanta ilimin haɗa sinadarai. Ta zo da na'urar gwaji, ta roƙi a bar ta ta riƙa auna kowace tukunya, safe da rana da yamma, ta zuba sakamakon a kwamfuta, a ga inda cutar take. Ya ce mata hannunsa ne ma'auninsa.

Wata rana bayan La'asar ya zauna a gindin darbejiya, fuska a murtuke. Kaka ta miƙo wuya ta ce, “Angona, wa ya mutu kuma?”

Ya ce, “Ba wanda ya mutu. Gobe zan sallami Ilu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.”

“Ka kama shi da jarkar mai?”

“Ban kama shi ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.”

“Gaskiya ne, ba ya tsami banza. To me ya sa ba ka bar yarinyar nan ta duba abin da ya tsamar da shi ba?”

Ya yi tsaki ya ce, “Kaka, tun ba a haife ta ba nake wanke hannu da sabulun gidan nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.”

Ta ce, “Babban da ya buɗe ido ke nan. Kai dai ina tsoron kada ka bi sawun Sarkin Noma Gagare.”

Ya ce, “Me ya sami Sarkin Noma Gagare?”

Ta ce, “Gyara zama.

“A wani ƙauye an yi wani Sarkin Noma, Gagare, mai wani ƙaton rumbu. Wata shekara damina ta yi gardama, sai mutanen gari suka tara irin shukarsu suka ba shi ajiya, don kada yunwa ta sa su cinye. Mutumin kirki ne, ba ya cin amana. Duk Juma'a sai ya sa tsani ya hau, ya ɗaga murfi, ya zaro zangarniya daga sama, ya murza a tafi, ya sauko ya ce wa jama'a iri lafiya lau.

“Yana da gwaggo, Tabawa, tsohuwa mai bakin da ba ya ɓoye magana. Ta ce masa, ‘Ɗan nan, abin da kake gani na sama ne. A samo dogon gora a soka har gindi, a ga abin da zai fito da shi.’ Ya ce, ‘Gwaggo, ba a taɓa gindin rumbu sai bazara, haka muka tarar. Kuma duk zangarniyar da na zaro lafiyayya ce.’ Ta ce, ‘Haka Masassaƙi Ɗanbaba ya ce.’ Ya ce, ‘Wane ne kuma Ɗanbaba?’ Ta ce:

“‘A bakin wani babban kogi an yi wani masassaƙin jirgin ruwa, Ɗanbaba. Uban da ya koya masa sana'a da maɗaci yake sassaƙa. Da maɗaci ya yi wuya, sai Ɗanbaba ya koma wani ice mai taushi, mai daɗin gizago. Ba wawa ba ne, ya so ya san ko icen yana riƙe ruwa. Sai ya riƙa zama a mashaya da yamma, duk masuncin da ya dawo ya tambaye shi, yaya jirgi? Kowa ya ce, lafiya lau. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, bai taɓa jin kushe ba. Waɗanda ba su dawo ba kuwa, sai a ce mutanen ruwa ne suka ja su, a yi sadaka, a shafa fatiha. Ba wanda ya taɓa tambayar jirgin wane ice suka shiga.

“‘Ranar da ɗansa ya isa kamun kifi, ya sassaƙa masa jirgi da icen nan, ya yi masa ado. Yaro ya shiga kogi da ruwa ya kawo. Ɗanbaba ya zauna a mashaya har rana ta faɗi. Masunta suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya wuce shi kai a sunkuye, domin yau ba wanda ya iya ce masa lafiya lau.’

“Tabawa ta ce, ‘Ka ji, ɗan nan. Wanda ya dawo ne ke ba da labarin kogi, na ƙasan ruwa ba shi da baki.’

“Gagare ya fusata, ya ce tana yi wa irin gari mugun baki. Ya sa aka mai da ita gidan 'yarta a wani ƙauye. Da ruwan farko ya sauka, jama'a suka taru da ƙorai. Aka kwashe na sama, kamu biyu ko uku, tas. Daga nan sai hannu ya nutse cikin jar ƙasa. Gara ta shigo ta gindi ta cinye, ta bar masa na sama yana murzawa. Shekarar nan gonakin garin ciyawa suka yi. Ya aika a dawo da Tabawa ya roƙe ta gafara, ɗan aike ya tarar an yi sadakar bakwai.”

Da Kaka ta kai ƙarshen labari, sai ta ce, “Gagare bai taɓa yin ƙarya ba, angona. Duk abin da ya faɗa ya gani da idonsa. Inda ya duba ne kaɗan.”

Alhaji ya ce, “To ke da kika san komai, faɗa mini, me ke cin hannun mata?”

Ta ce, “Ban sani ba. Da na sani da na faɗa tun Barau na da rai. Kai ma ba ka sani ba. Bambancinmu, ni ban kori kowa ba. Tukunya nawa ake dafawa a gidan nan kullum?”

“Da yawa.”

“Wacce ake kawo maka?”

“Ta farko.”

“Tashi ka je ka wanke hannu da ta ƙarshe. In ka dawo ka ce madalla, ni da kaina zan raka Ilu bakin ƙofa, ko zan kwana a hanya.”

Ya tashi don ya kunyata ta. Ya shiga ɗakin shanya, ya sa aka nuna masa zubin yammacin jiya, ya yanka da kansa, ya murza da ruwa. Kafin ya ɗauraye, tsakanin yatsunsa ya ɗauki raɗaɗi kamar ya dama barkono. Ya daɗe a tsaye yana kallon hannun. Sannan ya ce a kira masa Hansatu.

Ta yi kwanaki tana awo, tukunya bayan tukunya. Da ta jera sakamakon, sai abu ya fito fili, ko makaho ya shafa ya ji: na safe daidai, na rana da ɗan ƙarfi, na yamma wuta. Mai bai ragu a ko ɗaya ba. Aka bi sawu har gangar da ake jiƙa soda, sinadarin nan da ke mai da mai ya zama sabulu. Ashe sodar da ake amfani da ita yanzu dunƙule-dunƙule ce, ba ta narkewa da wuri, sai ta kwanta a gindi. Masu ɗiba da safe su sami na sama, na yamma su kwashi dafin. Wanda ya sauya sodar kuwa, don ta fi araha, Alhaji Haladu ne da kansa, bara.

Ya koma gindin darbejiya ya zauna a ƙasa, ba tabarma. Ya ce, “Kaka, Barau bai saci komai ba.”

Ta ce, “Bai sata ba.”

“Shi ya koya mini riƙon wuƙar yanka. Ranar da na kore shi, hularsa kawai ya ɗauka ya fita.”

“Ina nan, na gani. Da na sani ƙeya ce, angona, a baya take. Kada ka zauna nan kana yi mini hawaye, ba ni ka zalunta ba. Ka makara ga uba. Ɗan yana can bakin tukunya.”

Washegari da safe aka kawo faranti da buta kamar kullum. Alhaji ya ce a tara ma'aikata duka, a daidai wurin da ya sallami tsohon. Ya ce, “A nan na kira Barau ɓarawo, a nan zan janye. Laifin nawa ne. Daga yau mota ba ta tashi sai an auna kowace tukunya, kuma ba a sallamar kowa a gidan nan da jita-jita.” Ya juya ga Ilu ya ce, “Ka yafe mini, kai da mahaifinka.”

Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni na yafe, Alhaji. Nasa kuwa, sai kun haɗu.”

Alhaji ya ce, “Haka ne.” Ya ture farantin gefe, ya miƙa hannuwansa biyu, ya ce, “Kawo na tukunyar ƙarshe. Zuba mini ruwa.”