Tsarkiyar Kuntigin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wai Kura ce ta ce ta tuba da cin nama, ta koma kiɗan kuntigi. Tunkiya, wadda ƙanwarta ta ɓace tun kaka, ta zo wucewa. Kura na taɓa tsarkiya, sai 'yan hanjin Tunkiya suka kaɗa, kamar masu amsa kira.

Cikinta ya ce, "Gudu! Wannan muryar hanji ce, kuma na gidanmu."

Kanta ya ce, "Rufe mana baki! Kai da ba ka da kunne, ina ka san kiɗa?"

Tunkiya ta ce, "Gwaggo Kura, tsarkiyar nan ta mece ce?"

"Izgar doki ce, 'yar nan. Matso ki ji da kyau."

Tsarkiya ta yi wani siririn kuka, meee. Ƙafafun Tunkiya suka hau ɓari. Kai ya ce, "Kin gani? Har ƙafa ta soma taka rawa." Tunkiya ta matsa.

Washegari aka ga Kura da gurmi mai tsarkiya biyu. In ta taɓa ɗaya, sai ɗayar ta amsa da kanta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Wanda cikinsa ya yi magana, ya saurara.