Jar Kuɓewar Wahiba

Akwai wani dattijo mai suna Shahhat a wani ƙauye kusa da Aswan. Matarsa Wahiba ta rasu ta bar masa ɗan lambu a bayan gida: lalo, tumatir, da wata jar kuɓewa da ta gaji irinta daga kakarta.

Kullum kafin rana ta yi ƙarfi yake ba lambun ruwa. Idan kuɓewa ta yi, sai ya yanyanka, ya zira a zare, ya rataya a inuwar rumfa. Da la'asar yakan zauna a ƙarƙashinta, iskar kogi tana kaɗa kuɓewar tana 'yar ƙara, ya lumshe ido ya ji kamar awarwaron Wahiba ne.

Wata rana maƙwabciyarsa Tahiyya ta leƙo ta saman katanga.

"Baba Shahhat, a sam min iri mana, ko cikin cokali."

"Je ki kasuwa. Wannan na Wahiba ne."

"Kai Baba! Ko tsuntsu ya ci sai ka kai shi kotu."

Bai yi dariya ba.

Da bazara ta tsananta, zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti. Kafin ya dawo lambun ya ƙone ƙurmus. Ya buɗe tulun iri, ya tarar ƙwari sun mai da shi gari. Ya zauna a ƙasa. Ranar ya ji kamar yanzu aka binne Wahiba.

Da yamma Tahiyya ta shigo da kwanon miya da gurasa. Loma ɗaya ya kai baki, hannunsa ya tsaya.

"Ina kika samu wannan kuɓewar?"

"Wajen Inna Wahiba. Duk layin nan babu gidan da ba ta ƙulla wa iri a gefen mayafi ba."

"To me ya sa kika roƙe ni?"

"So nake ka yi magana da mutane, Baba. Ka daɗe kana hira da kuɓewa."

Washegari mata suka yi ta sallama, kowace da ɗan ƙullinta. Shahhat ya durƙusa yana shuka, Tahiyya tana masa tsiyar layinsa ya karkace.

Darasi: Abin da ka ƙulle a tulu ƙwari na iya cinyewa, wanda ka ba mutane shi ne ajiyarka. Ka tura wa wanda kake so ya buɗe hannunsa da ƙofarsa.