Hukuncin Dakta Turai kan Manhaja Biyu

An ce wai a wani gari an yi wata likita mai hangen nesa, Dakta Turai, wadda ke kula da ungozomomin ƙauyuka. Ta rubuta musu babban littafi na karantawa a waya, mai hotuna kan haihuwa da awon magani, amma ya yi nauyin da wayoyinsu suka kasa sauke shi. Sai ta nemi manhajar da za ta matse shi, da sharaɗin in an buɗe kada ko ɗigo ya ɓace, domin kuskure a awon magani yana iya cin rai.

Mutum biyu, Sagiru da Barira, suka kawo nasu. Manhajar Sagiru kafin a gama gaisawa ta kammala, littafin ya ɗan ragu. Ta Barira kuwa tun hantsi take aiki har aka kira azahar, tana bin duk abin da ya maimaitu tana taƙaita shi, sai ga littafin ya koma ɗan mitsitsi. Da aka buɗe duka biyun, babu harafin da ya salwanta. Ma'aikata suka riƙa raha wai kafin ta Barira ta gama, jariri ya fara rarrafe. Barira ta sunkuyar da kai, ta soma haɗa kayanta, tana jin ta sha kaye.

Dakta Turai ta ce gasa ba ta ƙare ba. Washegari ta kwashe su zuwa wani ƙauye a hayin kogi, wurin Inna Kande, ungozomar da sai ta hau tudu take samun sabis ɗin waya. Aka tura mata na Sagiru, ya kai rabi ya yanke, aka sake ya yanke. Aka tura na Barira, ya sauka tun tana tsaye. Tsohuwar ta buɗe shafin zubar jini bayan haihuwa, ta daɗe tana dubawa, ta ce da ta san wannan bara da wata mai jego tana raye.

Dakta Turai ta dubi Sagiru ta ce, "Aikinka ba shi da aibu. Sai dai saurinsa ni kaɗai ya hutar, ina zaune ƙarƙashin fanka. Jinkirin Barira sau ɗaya zan jure shi, kowace ungozoma kuma ta huta. Na zaɓi jira ya tsaya a ofishina."

Sagiru bai yi gardama ba. A hanyar komawa shi ya roƙi Barira ta koya masa dabararta.

Kafin a yabi mai sauri, a fara duba wanda ya bar wa jira.