Kwalekwalen da Ke Cikin Faifai

Ku gyara zama, ku ba ni kunnuwanku. Farkon labarin nan nawa ne, amma ƙarshensa naku, domin ku za ku yi alƙalanci.

A Malumfashi akwai wata dattijuwa, Inna Uwani, da autanta Mansir, magidanci mai sayar da takin zamani a kasuwa. Wata rana yana dawowa daga ƙauye babur ya ƙwace masa, kansa ya bugi dutse. Aka yi jinya a asibiti, raunin jiki ya warke, aka sallamo shi. Sai dai Mansir ɗin da aka dawo da shi gida ba ya magana. In an ba shi abinci ya ci, in an kama hannunsa ya tashi, idonsa kuwa kamar na mai hangen wani abu can bayan bango. Matarsa Rumasa'u ta kira sunansa har muryarta ta dushe. Likita ya ce magani ya yi nasa, saura a kewaye shi da abubuwan da ransa ya saba da su, ko Allah zai sa ɗaya ya taɓa shi.

Inna Uwani ta dafa masa ɗanwake irin wanda yake so. Ta kawo masa ƙannensa na dangi, ta kunna masa rediyo, ta ba shi labarin marigayi babansa. Shiru. Wata ranar da la'asar tana zaune kusa da shi tana yi masa fifita, sai gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ta. Tsakanin barci da farke ta ji wani kiɗa mai sanyi kamar busar sarewa, da ƙarar ruwa yana dukan gefen katako. Ta ga wani kogi shuɗi, hazo kwance a kansa, fararen tsuntsaye na tashi, wani ɗan kwalekwale yana ratsa ciyayi a hankali. Ta ga ƙeyar yara huɗu a kan tabarma. Ta farka, ta gane kogin. Na cikin wasan gem ɗin nan ne da Mansir da abokansa suke wuni suna yi a gaban talabijin tun suna makarantar sakandare, har sai ta kore su da muciya.

Ta taka kujera ta sauko da na'urar gem ɗin daga saman sif, a naɗe cikin tsohon zane, faifan kwalekwalen na ciki. Ta aika a kira mata abokan nan uku: Sagir mai gyaran waya, Nafi'u direban babbar mota, da Haladu tela. Suka zo suka durƙusa suka gaishe ta, suka haɗa wayoyi. 'Yar fitila ta kama. Faifai ya juya, ya yi ƙyat, ƙyat, ƙyat, ya tsaya. Rubutu ya fito a talabijin.

"Me ya ce?" in ji Inna Uwani.

Sagir ya ce, "Inna, cewa ya yi ba ya ganin faifan."

Ta dubi na'urar, ta dubi ɗanta. Ta ce, "Ita ma idonta a buɗe, ba ta gani? To, ku taimake ni, 'ya'yana."

Sagir ya rufe shagonsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar ɗaki, ya kwance na'urar noti bayan noti. Inna Uwani na kallo ya kwashe ƙura da saƙar gizo, har da busasshen kyankyaso. Ya nuna mata wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya ce wannan shi ne idon, da shi take karanta faifai, ga shi ya yi yana. Ya goge shi da auduga da sifirit kamar mai wanke idon jariri. Ya shafa wa sandar da idon ke zamewa a kanta giris. Duk da haka ta ƙi. Ya ce hasken idon ne ya raunana don tsufa, kuma akwai wani ɗan noti da ake murɗawa a ƙara masa ƙarfi, amma in hannu ya zarce ko da kaurin gashi, idon ya ƙone ke nan, ba kuma a samun irinsa yanzu. Ya riƙe numfashi, ya murɗa. Ya gwada wani faifan ƙwallo da ya aro, sai ga 'yan wasa suna gudu a fili. Mansir ko ƙiftawa bai yi ba. Aka sa na kwalekwale, ya ƙi. Da Sagir ya ɗaga shi a haske sai ga tsagewa tun daga tsakiya har baki. Wannan kam ba shi da gyara.

Nafi'u ya ɗauki fasasshen faifan ya sa a aljihu. Duk garin da ya kai kaya sai ya shiga kasuwa yana nunawa. A Kano aka yi masa dariya, a Jos aka ce ya makara da shekaru. A ƙarshe wani tsohon mai shagon gem a Haɗeja ya ce ya taɓa mallakar irinsa, amma ya ba wani manomin shinkafa buhun fayafayansa gaba ɗaya, yana rataya su a gona don korar tsuntsaye. Nafi'u ya ajiye mota a bakin hanya ya shiga fadama. Daga baya ya ba Inna Uwani labari, har ta riƙa ganin wurin kamar ta je: fayafayai rataye a zare iya ganin ido, iska na juya su, suna walƙiya kamar taurari sun sauko kiwo da rana. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin ruwa har gwiwa, matsattsaku na kama masa ƙafa, yana juya kowane yana duba fuskarsa. Can kusa da ƙarshen gonar ya ga wani da rana ta cinye zanensa, saura ɗan hancin kwalekwale. Ya roƙi manomin ya ba shi. Ya dawo da zazzaɓi a jikinsa, amma bai kwanta ba sai da ya wanke faifan, ya goge ƙarcensa da man goge baki da tattausan ƙyalle, daga tsakiya zuwa baki.

Da hantsi aka taru, aka zaunar da Mansir a tabarma. Faifai ya juya. Hazo ya bayyana a talabijin, sarewa ta fara, sai hoton ya daskare. Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Aka sake, haka. Aka sake, haka. Sagir ya ce iyakar saninsa ke nan. Nafi'u ya jingina da bango ya rufe ido.

Haladu bai san komai a gyara ba. Shi dai tun suna yara ba ya cin wasa, don haka ya fi kowa zaman kallo. Ya ce a hankali, "Ai na'urar nan ko da tana sabuwa, in ta yi gardama, ba a kwance Mansir yake barinta ba." Ya bar ta ta ɗauki ɗumi tukuna. Sannan ya ɗaga ta ya kifa, ya karkata ta gefen hagu, ya danne murfin da babban yatsa. Aka nemi abin da za a tokare ta da shi, littafi, gwangwani, matashi, kowanne sai ta tsaya. Hannunsa kaɗai ya san daidai karkatar. Ya durƙusa ya riƙe ta haka, tana zafi tana ƙona masa tafi, bai motsa ba.

Kogin ya buɗe. Tsuntsaye suka tashi. Rumasa'u ta ɗora wa mijinta abin dannawa a cinya. Kwalekwalen ya daɗe yana lilo a bakin gaɓa, ruwa na lasar gefensa. Sai ya motsa. Inna Uwani ta duba, ta ga babban yatsan ɗanta ne ke tura shi. Ba ta san lokacin da ta miƙe ta matsa gaban talabijin ba, tana son ta ga fuskarsa sosai.

Mansir ya ɗan karkata kai. Da wata murya mai tsatsa ya ce, "Inna, kauce mana, kin tare min ruwan."

Ta kauce. Ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba, kwalekwalen na ta tafiya cikin hazo.

Daga ranar magana ta riƙa dawo masa kaɗan-kaɗan, har ya koma kasuwa. Da shekara ta kewayo Rumasa'u ta haifi ɗa namiji. Mansir ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, sunan ɗaya daga cikin mutanen nan uku zan sa masa, amma na kasa zaɓa. Ke kika ga abin da kowa ya yi, ni ban gani ba." Aka tuntuɓi abokan, kowanne ya ce a sa na ɗan'uwansa.

Ranar suna ta zo. Rago na ɗaure, liman na zaure yana jira, Inna Uwani na ɗaki da jariri a cinya. In ta tuna Sagir sai ta ce ba don ya buɗe idon ba, da faifai dubu ma ba su yi amfani ba. In ta tuna Nafi'u sai ta ce ai idon ya buɗe, ƙwallo ya nuna, ɗanta bai ko ƙifta ba sai da kogin ya zo. In ta tuna Haladu sai ta ce ga ido ga faifai, amma da an watse a kan daskararren hoto.

To jama'a, jariri ɗaya ne, suna ɗaya ne, liman kuma ya aiko a karo na biyu. Sunan wa za a raɗa masa: Sagir, Nafi'u, ko Haladu?